Jirgin yawon shaƙatawa daga Jidda zuwa Aƙaba da Masar: akwai haɗari?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Muna shirin kai mahaifiyarmu Umara a watan Janairu, daga nan mu shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa da ke tashi daga Jidda, ya tsaya a Aƙaba ta Jodan da Sharm el-Sheikh da Safaga a Masar, ya dawo Jidda. Yayanmu ya ce sam, wai 'yan tawayen Huthi na Yaman suna harbin jirage a Bahar Maliya. Dukanmu fasfon Nijeriya gare mu. Masana, yaya lamarin yake, kuma wane shiri ya kamata mu yi?

Malam Tafida:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar yayanku tana da tushe, amma a duba taswira tukuna. Hare-haren sun fara ne a Nuwamban 2023, lokacin da aka kama jirgin Galaxy Leader. A Maris na 2024 Rubymar ya nutse, a cikin wannan Maris ɗin kuma aka kashe ma'aikata uku a True Confidence, sannan a Yulin 2025 aka nutsar da Magic Seas da Eternity C. Duk jiragen dakon kaya ne, kuma duk a kudu abin ya faru: gaɓar Hudaida, mashigin Bab al-Mandab da tekun Aden. Shi ya sa kamfanonin yawon shaƙatawa suka daina ratsa mashigin, masu zuwa Dubai daga Turai suka koma zagaye ta ƙasan Afirka ta Kudu. Hanyarku kuwa daga Jidda arewa ta nufa, tana ƙara nisa da Yaman.

Ba zan ce miki arewan babu komai ba. Aƙaba tana maƙwabtaka da Eilat ta Isra'ila, ana hango juna, kuma an sha harba makamai can. A Oktoban 2023 jirage marasa matuƙi sun faɗo a Taba da Nuwaiba a Sina'i. Jidda kanta an kai wa ma'ajiyar man Aramco hari a Maris na 2022. Sai dai abin da ya fi yiwuwa ya same ku ba makami ba ne, sauya hanya ne. Sharuɗɗan tikiti sun ba kyaftin ikon soke kowace tasha saboda tsaro, kuma yawanci kuɗin tashar da na yawon da kuka saya a wurinsu kawai ake mayarwa. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 haka aka cire tashoshin Isra'ila na Haifa da Ashdod daga jadawalin jirage cikin 'yan kwanaki. In don Petra, tsohon birnin tarihi na Jodan, kaɗai za ku biya kuɗin nan, ku sake tunani.

Hajiya Yalwa:
'Yar uwa, ni biza ce ta fi damuna a shirin naku. Da zarar jirgi ya bar Jidda zuwa Jodan kun fita daga Saudiyya. In bizar Umarar ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙare ke nan, ga shi jirgin Jidda zai dawo da ku. Ma'aikatan tasha na duba wannan tun kafin hawa, kuma wanda takardunsa ba su cika ba a bakin tasha ake barinsa, kuɗinsa ya tafi, domin sharuɗɗan sun ɗora nauyin biza a kan fasinja. Ku tabbata bizarku ta shiga sau da yawa ce, ko ku nemi wadda kamfanin ke shirya wa fasinjoji.

Kada ku dogara da bayanin da ke shafin kamfani cewa ana buga biza a tasha, galibi don masu fasfon Turai da Amurka aka rubuta shi. Ku aika musu imel, ku faɗi irin fasfonku, su ba ku amsa a rubuce game da Jodan da Masar daban-daban, har da wannan tambayar: in mutum ba shi da bizar ƙasar amma ba zai sauka ba, za a bar shi ya hau? Ku buga amsar a takarda. Fasfo ya zama da sauran wata 6 bayan ranar dawowa, ku riƙe katin rigakafin shawara.

Sai inshora. Yawancin kamfanonin inshora sun cire yaƙi da tarzoma daga abin da suke biya, wasu kuma ba sa biyan komai in gwamnati ta riga ta gargaɗi mutane da kada su je wurin. A karanta sashen abubuwan da aka keɓe kafin a biya. A tabbata ta ƙunshi jinya a cikin jirgi da kwashe marar lafiya zuwa asibitin tudu, saboda asibitin jirgi na kuɗi ne, da dala. A bayyana musu duk ciwon da Mama ke da shi, hawan jini ko sukari, in an ɓoye suna iya ƙin biya. Tikitin jirgin sama kuma a sayi wanda ake iya canza ranarsa, a bar kwana ɗaya ko biyu tsakanin saukowa da tashi gida.

Injiniya Ɗanborno:
Ranar hawa za a yi atisayen gaggawa kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Dokar SOLAS ce, wato yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, an tsaurara ta bayan jirgin yawon shaƙatawa Costa Concordia ya kife a 2012 mutum 32 suka mutu. Alamar gaggawa busa gajeru 7 ce da doguwa 1. Wurin taruwarku na rubuce a bayan ƙofar ɗaki. Ku bi hanyar da ƙafa ta matakala, ku ƙirga ƙofofi, don ba a hawa lif a lokacin gaggawa. In Mama ba ta iya matakala, ku sanar da teburin baƙi a ranar farko su sa ta cikin waɗanda ma'aikata za su zo su ɗauka.

A tudu kuwa lokaci ne ke cin mutane. Saudiyya da Jodan agogonsu ɗaya, amma a Janairu Masar tana bayansu da awa 1. Waya kan canza da kanta, jirgi kuma da nasa agogon yake aiki. Ku ɗaura agogon hannu da aka saita da na jirgi. Haka kuma ana yawan dagula siginar GPS a yankin, sai taswirar waya ta nuna mutum a wata ƙasa. Ku ɗauki hoton takardar shirin yini, akwai lambar wakilin jirgi na tashar a jiki, shi ake kira in an makara.

Maman Ilham:
Allah Ya saka da alheri. Yawon da jirgi ke sayarwa ya yi tsada, ba za mu iya ɗaukar tasi da kanmu ba?

Malam Tafida:
A cikin garin Aƙaba ko Sharm babu laifi, muddin kun dawo da awa 2 a hannu. Petra da Luksor, birnin tarihi na Masar, kuwa ban ba da shawara ba. Petra tafiyar kamar awa 2 ce daga Aƙaba, Luksor ta haura awa 3 daga Safaga ta cikin hamada, ga shingayen jami'an tsaro. Motar da jirgi ya shirya in ta makara ana jiranta, tasin da kuka ɗauka ba a jira. In kuma an ɗaga matakin tsaro aka ce kowa ya dawo, masu jagoran yawon jirgi ake fara kira. Kada a ɗauki hoton soja, shinge ko cikin tasha, kada a tsaya kallon zanga-zanga, a bar zancen siyasa da direba.

Hajiya Yalwa:
Ƙari a kan magani, Hajiya. Masar da Saudiyya ba sa wasa da tiramadol da kodin, an taɓa ɗaure 'yar yawon buɗe ido shekara 3 a Masar a 2017 saboda tiramadol. Kowane magani ya zauna a kwalinsa na asali tare da takardar likita, a ƙara na mako ɗaya a kan kwanakin tafiya. Duk ranar da za ku sauka, ku sa na kwana 2 a jakar hannu, da kwafin fasfo, da 'yan daloli, da lambobin ofishin jakadancin Nijeriya na Alƙahira da Amman da ƙaramin ofishin Jidda a rubuce a takarda.