Alamar gindin wutsiya tana gusawa a hotunan karfasa

Hauwa: Salamu alaikum. Ina auna siffar karfasar kogin Galma da tpsDig, manhajar ɗiga alamomin awo a kan hoto. Kifi ɗaya, hoto ɗaya, amma in na sake ɗiga alamomin washegari, sai ta gindin wutsiya ta gusa. Abin ya dame ni ƙwarai. Ina mafita?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ki ɗiga kowane hoto sau biyu, ki yi Procrustes ANOVA, wato lissafin da ke raba bambancin kifaye da kuskuren ɗigawa, a manhajar MorphoJ. In bambancin da ke tsakanin kifaye ya fi na maimaitawar nesa ba kusa ba, ki ci gaba da aikinki.

Bilkisu: Yaya Hauwa, wurin nan ba shi da iyaka bayyananna. Ni siririyar allura nake sokawa kafin in ɗauki hoto.

Malam Sani: Ki kuma miƙe kifin, kyamara daidai samansa, rula a gefe. Kifi lanƙwasasshe ya fi rawar hannu ɓarna.