Da me ake gane ko 2-buromobutan zai bi SN1 ko SN2?

Ɗaliba daga Rijiyar Zaki:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina aji biyu a Jami'ar Bayero, kuma mun iso babin musanya, inda nukiliyofil ke kawar da wani rukuni daga jikin kabon ya maye gurbinsa. Musanyar tana bin ɗaya daga hanyoyi biyu da ake kira SN1 da SN2. Na gane cewa CH3Br yana bin SN2, shi kuwa (CH3)3CBr yana bin SN1. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne 2-buromobutan, wanda kabon ɗinsa mai riƙe da buromin yake haɗe da wasu kabon biyu. Da me ake gane hanyar da zai bi?

Malamin kemistiri daga Gwale:
Wa alaikumus salam, 'yata. Irin wannan mahaɗi yana iya bin kowacce, don haka kallon kabon kaɗai ba zai raba gardama ba. A SN2 komai yana faruwa a taki ɗaya: nukiliyofil yana shigowa ta bayan kabon a daidai lokacin da buromin ke ficewa ta gaba, kamar fasinjan a-daidaita-sahu da ke shiga ta wannan gefe yayin da wani ke sauka ta wancan. Shi ya sa saurin aikin ya dogara da yawan sinadaran biyu, kuma cunkoso a bayan kabon yana hana shi. A SN1 kuwa buromin ne ke fara tafiya shi kaɗai, ya bar kabon da caji mai ƙari, kuma wannan takin ne mai jinkiri, saboda haka ko an ninka nukiliyofil saurin ba ya canzawa.

Sai ki dubi abu biyu. Idan nukiliyofil mai ƙarfi ne, irin sayanaid ko ayodaid, kuma an narkar da shi a asiton ko DMSO, to SN2 ce. Idan kuwa ruwa ne ko etanol, waɗanda nukiliyofil ne masu rauni amma sun iya tallafar caji, aikin yakan karkata zuwa SN1, amma a hankali.

Ma'aikacin ɗakin gwaji daga Sharaɗa:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ina so in ƙara hujjar da ake iya aunawa, domin a ganina ita ce ke zaunar da babin a kai. Kabon na biyu a wannan mahaɗi yana riƙe da rukunoni huɗu mabambanta, saboda haka yana da siffa biyu, ta dama da ta hagu. SN2 tana juya siffar gaba ɗaya, abin da Paul Walden ya fara lura da shi a 1896. A SN1 kuwa kabon mai cajin shimfiɗaɗɗe ne, ana iya afka masa ta fuska biyu, sai a sami gaurayen siffofin, ko da yake juyayyar takan ɗan rinjaya domin buromin da ya fita bai yi nisa ba.

Edward Hughes da Christopher Ingold ne suka tsara waɗannan hanyoyi a Landan. A 1935 Hughes da abokan aikinsa suka haɗa 2-ayodo'oktan da ayodaid mai fitar da tururin nukiliya, suka tarar gaurayewar siffa ta ninka saurin musanyar sau biyu, wato kowace musanya ɗaya juyi ɗaya ce.

Ɗaliba daga Rijiyar Zaki:
Na gode ƙwarai. To, Malam, idan aka ba ni haidiroksaid a etanol kuma aka ce an dumama, SN2 zan rubuta tunda yana da ƙarfi?

Malamin kemistiri daga Gwale:
A nan sai ki yi hattara, 'yata. Haidiroksaid ba nukiliyofil kaɗai ba ne, yana kuma fizgar haidirojin daga kabon na maƙwabtaka, kuma zafi yana ƙara wa wannan hanya ƙarfi. A wannan yanayi abin da zai fi yawa shi ne 2-butin mai ɗauri biyu tsakanin kabon na biyu da na uku, ta hanyar E2, wato cire haidirojin da buromin a taki ɗaya, musanyar kuwa kaɗan za ta samu.