Daga dandamali zuwa gaban kyamara: ta ina zan fara?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Shekara 4 ke nan ina wasan dandamali da ƙungiyarmu a Kano, yanzu fim nake son shiga. Sau 2 ina zuwa gwaji, duka an ce min wasana ya yi yawa. Me ke nan? Kuma me ake nema kafin a ɗauki mace?

Malamin wasan kwaikwayo: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya suka faɗa miki, amma abu ne mai gyaruwa. Su kansu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano daga dandamali suka taso kafin su yi fim ɗin Turmin Danya a 1990. A dandamali kina ɗaga murya, kina ware hannu, don na kujerar ƙarshe ya ji ya gani. Kyamara kuwa in ta matso fuskarki, ɗaga gira ya isa. Makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga har numfashi yake kamawa, kika yi ihu sautin ya fashe. Ki jingine waya daidai tsayin idonki, ki ja baya taku 2, ki ɗauki maganar minti 1 sau 3, kowane karo kina rage motsi. Kada ki kalli cikin kyamarar, ki kalli ɗan gefenta.

Anti mai kula da sutura: 'Yata, ba a ɗaukar fim a jere. Za a iya fara da kukan ƙarshe ranar farko, don haka ki karanta labarin duka, ba layukanki kaɗai ba. Ki riƙa tuna hannun da kika ɗauki kofi da shi da kafaɗar da mayafi ya sauka. Aka sauya wurin kyamara kika sauya hannu, mai haɗa hoto ba zai iya haɗawa ba, sai a sake ɗauka, kuma furodusa ba ya manta wadda ta ci masa yini.

Yaya Babba: Ki fara da gida. Ki samu amincewar iyaye ko waliyyi a rubuce, sannan rajista da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da kuma MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar fim ta Najeriya. Duk wanda ya ce ki biya shi ya sa ki a fim, ko ya kira ki gwaji a ɗakin otal, ki rabu da shi. Ki riƙa tafiya da 'yar'uwa. Kafin a kunna kyamara a rubuta kwana nawa za ki yi, nawa za a ba ki, yaushe, da wanda zai kawo kayan sawa.