Ƙungiyarmu ta mata tana ƙasan teburi, aljihu kuma ya bushe: ta ina magoya baya za su fara?

Mai Tuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Muna da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata a garinmu, kakar bana kuma ta zo mata da gardama. Mai ɗaukar nauyinta ya janye hannunsa, 'yan wasa suna bin bashin alawus, manya huɗu sun tafi, saura 'yan wasa 17, ga ta a ƙasan teburi da rabin kaka a gaba. Mu magoya baya mun kai ɗari, muna so mu tallafa, amma kanmu ya rabu. Wasu sun ce a ɗinka sababbin riguna don a ɗaga musu gwiwa, wasu sun ce a matsa a kori koci, wasu kuma a tara kuɗi a miƙa wa shugaba. Wanne ya kamata a fara?

Ma'ajin Kulob:

Wa'alaikumus salam. Malam, duk cikin ukun babu na farko. Na farko shi ne motar zuwa wasa. Ƙungiyar da ta kasa zuwa fili, bisa al'adar dokokin lig, ana ba abokiyar karawarta maki uku da ƙwallo uku, sau da yawa har da tara, idan ta maimaita kuma tana iya fuskantar kora. Wadda ta je ta sha kashi da ci ɗaya ta fi ta nesa ba kusa ba, domin a ƙasan teburi bambancin ƙwallaye kan raba gardama a ranar ƙarshe.

Ku karɓi jadawalin sauran wasannin, ku zauna da sakatare, ku fitar da kuɗin kowane wasa shi kaɗai. Wasan waje: hayar mota zuwa da dawowa, mai, masauki, abinci sau uku a rana ga kowa har da direba, ruwa. Ku lura, bas mai kujera 18 ba za ta ɗauki 'yan wasa 17 da koci da mai kula da lafiya da jakunkuna ba. Ko babbar bas, ko bas da ƙaramar mota. Wasan gida ma yana da nasa: fili, zanen layi, motar asibiti, jami'an tsaro, ƙanƙara, da duk abin da dokar gasarku ta ɗora wa mai masauki. A kan jimillar ku ƙara kashi 15 cikin ɗari, saboda taya na fashewa kuma ana ɗage wasa bayan an riga an isa gari.

Tarin kuɗin kuma ya zama na wata-wata, kamar adashe. Gangamin rana ɗaya yana kawo tafi da alkawari, amma wata na gaba babu komai. Mutum 100 a kan naira 2,000 ya ba ku 200,000 kowane wata, kuma kun san da zuwanta, kuna iya yi wa direba alkawari. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiyar magoya baya, mutum uku masu sa hannu, ba a cire sisi sai biyu sun sa. Kada ku miƙa wa kowa tsabar kuɗi, ba don zargi ba, sai don shugaban da bashi ya yi wa katutu, duk abin da ya shigo hannunsa mai bin bashin da ya fi ɗaga murya zai ba. Ku biya mai mota kai tsaye, mai abinci kai tsaye, ku ɗauki hoton rasit ku saka a zaurenku na WhatsApp a ranar.

Game da masu tallafi, ku daina jiran babban kamfani. Manyan ƙungiyoyin NWFL, wato gasar lig ta mata ta Najeriya, irin su Rivers Angels, Bayelsa Queens, Edo Queens da Nasarawa Amazons gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, shi ya sa lissafinsu ba naku ba ne. Ku naku yana wurin mai gidan burodi, mai kamfanin ruwan leda, mai gidan mai, mai kantin magani. Kada ku ce musu "a taimaka". Ku ce: jakar ruwa goma kowane mako, ko lita kaza na mai a kowane wasan waje, mu kuma za mu kafa allon tallanka a bakin fili. Ɗan kasuwa ya fi sakin kaya a kan sakin kuɗi.

Koci Mai Usur:

Ina goyon bayan Ma'aji, kuma maganar korar koci a ajiye ta. Sabon koci zai nemi kuɗin sa hannu da babu, zai zo da tsarinsa, yaran su kwashe makonni suna koyo, lokacin kuwa kaka ta ƙare.

Da 'yan wasa 17 ba a yin atisayen gajiyarwa. Kwana huɗu a mako ya isa, minti 75 zuwa 90, da sassafe ko bayan la'asar. Kwana ɗaya kawai za a yi mai nauyi, ya kasance aƙalla kwana uku kafin wasa. Washegarin wasa hutu ne ko ɗan sassarfa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce an sha kashi don haka gobe kowa zagayen fili goma. Wannan ba ya gyara tsaron baya, sai dai ya ƙara masu ɗingishi.

Ƙungiya mai rauni maki take nema, ba burgewa ba. A tsaya layi biyu na mutum huɗu-huɗu, tazara tsakanin 'yan baya da 'yan tsakiya kada ta wuce mita 10 zuwa 15, a bar mai gudu ɗaya ko biyu a gaba. Kunnen doki a waje riba ce. Sannan a ware minti 20 a kowane atisaye don bugun kwana da bugun tazara, na kai hari da na karewa. Salon bugun kwana guda biyu kacal, a maimaita har kowace ta san inda za ta tsaya ido rufe. Nan ne ƙaramar ƙungiya ke samun ƙwallo ba tare da ta fi kowa iya wasa ba. Gola kuma a samar mata wanda zai riƙa ba ta horo ita kaɗai ko da rabin awa ne. A ƙananan ƙungiyoyi ita aka fi mantawa, ita kuma aka fi zagi.

Wani a cikinku ya riƙe littafin kati. A rubuta katin gargaɗin kowace yarinya da ranarsa. Saka wadda ke kan dakatarwa cikin wasa yana jawo a ƙwace makin ko da an ci, kuma irin wannan asarar ta fi ciwo. Dokar wasa ta yarda da canji har biyar tun 2022, idan gasarku tana bin hakan a yi amfani da su duka, musamman a zafi.

Ku kuma 'yan kallo, ku daina yi wa yarinya ihu idan ta ɓarar da ƙwallo. Ku daina jifan alƙalin wasa: tara ce a kan ƙungiyar da ba ta da kuɗin mota, ko a rufe muku fili.

Anti Nas:

Koci ya taɓo ɗingishi, bari in ɗora. Raunin da ke kashe kaka a ƙwallon mata shi ne tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL. Mata sun fi maza samunsa, kuma galibi ba wanda ya taɓa yarinyar: ta dira daga tsalle ko ta juya da sauri, gwiwa ta karkata ciki, a ji ƙas, kafin dare ta kumbura. Aiki ne a asibiti da jinyar wata tara ko fiye. Ƙungiyarku ba ta da kuɗin wannan, don haka rigakafi ne naku.

Akwai tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, kyauta yake a intanet, minti 20 ne, ba ya buƙatar komai sai ƙwallo da alamomin fili. Kashi uku ne: gudu a hankali, sai ƙarfafa cinya da ciki da tsayuwa a ƙafa ɗaya da tsalle, sai gudu da juyi. An gwada shi a kan 'yan mata a Norway, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sharaɗinsa a yi shi aƙalla sau biyu a mako, kuma wani ya tsaya yana kallon gwiwa: lokacin dira ta tsaya saitin yatsun ƙafa, kada ta faɗa ciki. A duba takalma ma. Dogayen ƙusoshi a busasshiyar ƙasa suna kafe ƙafa jiki kuma ya juya.

Jakar magani: bandeji mai naɗewa guda shida, filasta, auduga, ruwan wanke ciwo, safar hannu, almakashi, kula cike da ƙanƙara. Targaɗe ƙanƙara yake so, a naɗe ta a tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga ƙafar. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi a kwana biyun farko, kumburi yake ƙarawa. Wadda ta bugu a ka ta ce tana jin jiri ko ta rikice, ta fita, ba ta komawa a ranar ko za a ci mu goma.

Abinci awa uku zuwa huɗu kafin wasa: shinkafa, taliya ko doya, mai kaɗan, yaji kaɗan. Ruwa rabin lita awa biyu kafin a fara, sannan a riƙa kurɓa. Ba sai an sayi lemon kwalba mai tsada ba. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yarinyar da ke saurin haki, tafin hannunta da cikin idonta sun yi fari, kada a ce ragwanci ne, a auna jininta. Jinin al'ada da atisaye suna jawo ƙarancin jini. Hanta, wake, zogale, alayyafo, a bi da lemon zaƙi, a kuma raba shayi da lokacin cin abinci domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe.

Uwar Ƙungiya:

Ma'aji, ka yi haƙuri, ban yarda a share maganar sutura gaba ɗaya ba. Sabuwar riga mai ado za ta iya jira, gaskiya ne. Amma rigar mama ta wasanni guda biyu ga kowace yarinya, audugar mata a jakar tafiya, da wando mai duhu, waɗannan ba ado ba ne. Tawagar matan Ingila ma ta bar farin wando a 2023 saboda damuwar kwanakin al'ada. Mai son dogon wando na ciki da ɗankwalin wasa a saya mata, doka ta halatta rufe kai tun 2014, Nouhaila Benzina ta Maroko kuma ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabinta. A dai kula kada a sa fil ko allura, kuma kada a ɗinke shi da riga.

Sannan ku binciki dalilin tafiyar huɗun nan. A wajenmu ba kullum kuɗi ke cire yarinya daga ƙwallo ba, sau da yawa gida ne. Uba ya ji an kwana a tasha, ko an dawo ƙarfe ɗaya na dare, shi ke nan. Ku samu mace babba mai mutunci da za ta riƙa bin kowace tafiya, lambarta tana hannun iyaye. A sanar da su ranar tafiya, masauki da lokacin dawowa. Ba tafiyar dare. Namiji, koci ne ko mai ba da tallafi, ba ya kiran yarinya ɗaki ita kaɗai, kuma tallafi ba ya bi ta hannun yarinya kai tsaye, domin nan ɓarna ke shigowa. Mata biyu ko uku daga cikinku su zagaya gidaje su gaida iyaye, a kuma ware musu wurin zama a inuwa ranar wasa.

Sakataren Fili:

Takardu kaɗan zan ƙara. Kowace 'yar wasa ta kasance da rajista ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, da sunanta da ranar haihuwarta daidai da takardar shaidarta, ku ajiye kwafi. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayen 'yar wasa ga ƙungiyoyin da suka rene ta daga shekara 12 zuwa 23. Sai an biya kuɗin saye ake samunsa, yawancin mata kuma kyauta suke sauya sheƙa, don haka kada ku sa shi a kasafi. Amma wanda bai yi rajista ba ko ranar ta zo ba shi da hujja. Asisat Oshoala da Rasheedat Ajibade daga FC Robo ta Legas suka taso, ba ƙungiyar gwamnati ba ce. Ku yi hattara da dillalan da ke zagaye ƙungiya idan ta shiga matsi. Duk wanda ya nemi kuɗin biza daga iyaye, ko ya ce zai fitar da 'yar ƙasa da 18 waje, ku kore shi, FIFA ta hana hakan in ban da 'yan keɓaɓɓun dalilai.

Mai Tuta:

Allah Ya saka da alheri. Saura bashin alawus ɗin. Abin da za mu tara ba zai biya shi ya kuma biya mota ba. Mu yi shiru a kansa?

Ma'ajin Kulob:

A'a, shirun ne ke korar su. Hajiya Uwar Ƙungiya ta yi gaskiya kan sutura, a saka ta a kasafi bayan mota da abinci. Bashin kuwa na shugabannin ƙungiya ne, kada ku ɗauke shi a kanku, amma ku sa a rubuta abin da kowace ke bi, shugaba ya sa hannu, ita ma ta riƙe kwafi. Ku abin da za ku ɗauka shi ne kuɗin motar zuwa atisaye, a biya kowace Juma'a, daidai wa daida tsakanin mai buga wasa da mai zaman benci. Ku yanke adadin da kuka tabbata za ku iya har wasan ƙarshe, ko ya yi ƙanƙanta, ku faɗa musu a gaban kyaftin da uwar ƙungiya. Idan wata ya zo da rara, kashi biyu cikin uku ya tafi ajiyar wasan waje na gaba, ɗaya a raba a rage bashin, a fara da waɗanda suka fi nisan gida.