Shawarwari kan Sa Hannun Jama'a a Al'adun Birni

A wata tattaunawa da aka yi kan raya al'adun birane, shawarar da ta fi nauyi ita ce a nemi ra'ayin mazauna tun kafin a raba kuɗi, ba bayan an gama gini ba. An kawo misalin Porto Alegre a Brazil, inda a 1989 aka fara bai wa jama'a bakin magana kan kasafin kuɗin birni. Ni ma nan na fi karkata, domin kuɗin ne ke tabbatar da magana. Wasu sun nemi a riƙa dawowa ana faɗa wa mutane inda shawararsu ta kwana. Masu sana'ar hannu kuwa wurin aiki mai araha suka roƙa, kada tsadar haya ta kore su daga unguwanninsu.