Wai me ke faruwa a arewacin Benin ne?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bin labarai ku fahimtar da ni. Mu dai abin da muka sani da Benin shi ne Kwatano, mota da atamfa da shinkafa, ƙasa zaune lafiya, sai ga shi yanzu kullum ana cewa ƴan JNIM, ƙungiyar masu iƙirarin jihadi mai alaƙa da Al-Ƙa'ida, sun kashe musu sojoji. A Afrilun 2025 gwamnatinsu da bakinta ta ce soja 54 aka kashe a dajin W. To wai sojan ne ba su da shi ko bodar ce a hangame?

Malamin Gwale:
Wa alaikumus salam Alhaji. Duka biyun, amma ta bodar ta fi. Dajin W ɗin nan ƙasa uku ya ratsa, Benin da Nijar da Burkina Faso, ga Pendjari kusa da shi, gandun namun daji ne ba gari ba titi, mutanen nan suka shige suka yi kaka-gida. Tun 2019 aka ga alama da aka sace Faransawa biyu ƴan yawon buɗe ido a Pendjari aka kashe ɗan jagoransu. A 2022 Benin ta tura soja wajen 3,000 arewa, to soja 3,000 a wannan ƙungurmin daji me za su tare? Kuma tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 Benin da Nijar ba sa ga maciji da juna, har gadar Gaya zuwa Malanville aka rufe, to wa zai tsegunta wa wani labarin sirri? Su kai hari nan su tsallaka can a babur, shi kuwa soja yana zuwa kan layi dole ya ja birki.

Direban Dawanau:
Malam ka gama magana wallahi. Rufe gada talaka kawai yake ci, mutane kwalekwale suka koma shiga a kogin Kwara. Da Buhari ya rufe boda a Agustan 2019 shinkafar waje ta daina shigowa kasuwar Singa ta Kano ne? Ni da idona na sha gani a shinge, kana miƙa na goro ba mai ɗaga tamfol ya duba, gero ka ɗauko ko wani abin daban oho musu.

Ƴar Fagge:
Ni abin da ke ban tsoro Benin ɗin fa jikin Kebbi da Neja da Kwara take, ga Lakurawa sun riga sun addabi Sakkwato da Kebbi. Mu da muka ga harin Boko Haram na ranar 20 ga Janairun 2012 a nan Kano ba ma cewa abu ya yi nisa. Allah Ya tsare.

Ɗan Kwari:
Amin Hajiya. Direba, yarona zai tafi Kwatano sati mai zuwa, ya bi ta Kamba ko in ce masa ya zagaya ta Legas kawai?