Wane suna za mu ba "police scientifique" da Hausa?

Jama'a, a taimaka. Ɗiyar yayana tana karatu a Jami'ar Ngaundere, ta ce in ta gama police scientifique za ta shiga, abin da 'yan Najeriya ke kira forensik, wato binciken laifi ta hanyar kimiyya. Baba ya ce, "Wane aiki ke nan da Hausa?" Ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Tun daga Garwa har na iso Marwa tambayar nake juyawa a raina.

Na fara da "binciken ƙwaƙwaf" da muke ji a rediyo. Ya yi faɗi. Uwar miji ma ai tana binciken ƙwaƙwaf.

Sai "kimiyyar bin sawu", wadda ta kwanta mini sosai. Duk wanda aka taɓa kore wa shanu ya san mai bin sawu: ya duƙa, ya dubi ƙasa, ya ce mutum uku ne, ɗaya yana ɗingishi. Edmond Locard, da ya buɗe ɗakin gwaje-gwajen 'yan sanda a Liyon ta Faransa a 1910, kan wannan tunani ya kafa aikinsa: ba mai taɓa abu ya tafi bai bar alama ba. Zanen yatsa sawu ne, jini sawu ne, haka DNA da Alec Jeffreys ya gano yadda ake bambance mutane da shi a Ingila a 1984.

Wani malamin makaranta daga Kusiri ya rushe mini ginin: "Alhaji, ai bin sawun ne na'ura ke karɓewa. Ƙirƙirarriyar basira tana tace zanen yatsu, ta zaƙulo fuska a bidiyo, ta karance saƙonnin waya dubbai kafin ka sha shayi. Kar ka raɗa wa yarinya sunan aikin da za a ƙwace mata."

Gaskiyarka, Malam. Sai dai na'urar takan bi sawun da ba shi ba. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, kwamfutar FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, ta fito da zanen yatsan wani lauya Ba'amurke cikin waɗanda suka yi kama, ƙwararru suka amince, aka tsare shi mako biyu, sai 'yan sandan Sifen suka gano na wani ɗan Aljeriya ne. A 2020 kuma manhajar gane fuska ta sa an kama wani baƙar fata a Detroit kan satar agogon da bai yi ba. Ranar da aka je kotu, wa alƙali zai rantsar? Wa lauya zai titsiye?

Wata 'yar'uwa daga Njamena ta tuna mana shari'ar tsohon shugaban Chadi Hissène Habré a Dakar, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a 2016. Masana ƙasusuwa daga Ajantina sun tone kaburbura a Chadi, wani ƙwararre ya tantance rubutun hannun Habré a takardun DDS, 'yan sandan sirrin gwamnatinsa, sannan suka tsaya gaban alƙalai suka amsa tambayoyi. Ta ce, "Yaya, wannan ai shaida ce." Nan na tsaya. Ko kalmar forensik ɗin, asalinta dandalin da Rumawa ke yin shari'a ne.

Don haka na zaɓi "kimiyyar shaida". Mai aikin, "masanin shaida". Médecin légiste, wato likitan da ke binciken gawa, "likitan shaida". Wani ya ce "hujja" ta fi nauyi, amma hujja ta lauya ce da malami, shaida kuwa mutum ke bayarwa da bakinsa, ya ɗauki alhaki.

Na faɗa wa Baba a waya, ya ce wannan kam ya gane. Ita kuma yarinyar ta ƙaro mini aiki: a ganinta, tantance murya da bidiyon da na'ura ta ƙaga, irin waɗanda ke yawo a WhatsApp, shi zai fi cin lokacinsu nan gaba. Na ce "bidiyon jabu". Ta ce jabun kuɗi ana ganewa da hannu, wannan kuwa ko uwar mutum sai ta rantse muryar ɗanta ce. Wa ke da wata kalmar?